HIRAƘLA SARKIN RUM: TARIHI DABAM, ƘISSAR DANDALI DABAM

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, in ana tafsiri da azumi aka iso Suratur Rum, mai jan baƙi ya ja, malam ya ce Rumawa, sai ka ga yaranmu na Batsari da Safana suna duban juna suna murmushi. Su Rumar da suka sani ita ce tamu, wadda hakimin Batsari ke amsa sunan sarautarta. To, ba ita ake nufi ba. Daular Romawa ta rabu biyu a shekara ta 395 Miladiyya. Ta yamma ta rushe a 476, ta gabas kuwa ta ci gaba da mulki daga birnin Kustantiniyya, watau Istambul ta ƙasar Turkiyya, har 1453. Waɗannan na gabas, Nasara masu magana da Yunananci, su ne Larabawa ke kira Rum. Sarkinsu a zamanin Manzon Allah (S.A.W.) shi ne Hiraƙla.

Ka sani labarin mutumin nan ta hanya biyu ya iso mana. Hanya ta farko ita ce ta masu ƙissa, kuma mafi yawan abin da suke bayarwa daga littafin Futuhush Sham suke ɗebo shi, wanda aka rubuta sunan Waƙidi a bangonsa. Littafi ne mai daɗin karatu, ban musa ba. A ciki ne ake ganin Dirar ɗan Azwar ya tuɓe riga yana kutsawa cikin dubban masu sulke, da 'yar'uwarsa Haulatu ta naɗe fuska ta hau doki tana sukar Rumawa har maza na tambayar wane jarumi ne wannan. Amma fa Waƙidi ya rasu a 207 Hijira, masu bincike kuwa sun nuna cewa littafin nan da ke yawo a hannun mutane an tsara shi ne ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa. Ko shi Waƙidin kansa, Imamu Buhari bai karɓi hadisinsa ba. Haulatu kuma, duk da sunan da ta yi, ka duba littafin Ibnu Sa'ad na tarihin sahabbai ba za ka same ta ba, alhali Ibnu Sa'ad shi ne magatakardan Waƙidi. Ashe ka ga an ɗauki sunayen gaskiya da garuruwan gaskiya an yi musu ado da ƙage. In ka karanta shi a matsayin hira, wannan dabam. Amma hawa mumbari da shi a ce haka aka yi, wannan jingina wa sahabbai ne abin da ba a tabbatar ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne, ƙissa ta kan rufe darasin. Ta mai da Hiraƙla wani dodo mai kambin zinariya wanda aikinsa kawai ya tara runduna a karkashe. Hanya ta biyu, watau tarihi tabbatacce, mutum ta nuna mana, mai hankali ƙwarai, kuma a nan abin tsoron yake.

A 602 wani hafsan soja mai suna Fokas ya yi tawaye, ya sa aka yanka Sarki Moris bayan an yanka 'ya'yansa a gabansa. Kisra sarkin Farisa, wanda Moris ya taɓa taimaka wa ya koma gadonsa, ya ce ramuwa zai yi, ya buɗe yaƙi. Ana cikin haka Hiraƙla ya taso da jiragen ruwa daga Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, ya kashe Fokas ya hau a 610. Gado ya samu amma ƙasa na zubewa. Farisawa masu bautar wuta suka ci Dimashƙa a 613, suka ci Ƙudus a 614 suka tafi da gicciyen da Nasara ke girmamawa, a 619 suka ci Iskandariyya ta Masar. A wannan hali ne Suratur Rum ta sauka a Makka da labarin cewa waɗanda aka rinjaya ɗin nan za su yi rinjaye cikin 'yan shekaru, lokacin da babu mai hankalin da zai yi zaton haka.

A 622, shekarar Hijira, Hiraƙla ya fita da kansa. Da me ya biya soja? Da kwanonin zinariya da azurfa na majami'u, waɗanda babban limaminsu Sarjiyus ya yarda aka narke aka buga kuɗi. Ya gaya wa rundunarsa yaƙin addini suke yi. A ƙarshen 627 ya karya Farisawa kusa da Ninawa, garin Annabi Yunusa (A.S.), a 628 ɗan Kisra ya kashe ubansa ya nemi sulhu. Alkawarin Allah ya cika.

Yana kan wannan ganiya ne wasiƙar Manzon Allah (S.A.W.) ta iske shi, Dihyatul Kalbi ya kai ta ta hannun sarkin Busra, bayan sulhun Hudaibiyya. Ka buɗe farkon Sahihul Buhari ka karanta da kanka. Ya sa aka kawo Abu Sufyan, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zo fatauci, ya jera abokan tafiyarsa a bayansa don su ƙaryata shi in ya yi ƙarya. Ya tambayi asalin Annabi, da ko akwai sarki a kakanninsa, da ko an taɓa kama shi da ƙarya ko yaudara, da ko manya ke binsa ko talakawa, da ko mabiyan na ƙaruwa ko raguwa. Dubi tambayoyin nan da kyau, ɗan'uwa. Na malami ne, ba na jahili ba. Da ya ji amsa kuwa bai ɓoye ba, ya faɗi cewa alamomin annabci ne, kuma mulkin mutumin nan zai iso inda yake tsaye.

Sa'an nan a Himsa ya tara manyan Rum cikin fada, ya sa aka kulle ƙofofi, ya yi musu tayin bin Annabin nan. Suka zabura suka yi ƙofa a guje. Da ya ga haka ya ce a komo da su, ya ce gwada su ya yi don ya ga ƙarfin riƙonsu. Suka faɗi suka yi masa sujada. Shi ke nan. Bai rasa hujja ba, bai rasa fahimta ba, fadawa ya duba ya dubi gado.

Wanda ya ji tsoron fadawa a kan gaskiya kuwa, bai ji tsoron Allah a kan talakawa ba. Tun taron limamansu na Kalsidon a 451 Nasara suka rabu a kan Annabi Isa (A.S.): fada na cewa ɗabi'a biyu gare shi, mafi yawan mutanen Masar da da yawa a Sham na cewa ɗaya. Mu dai mun san bawan Allah ne kuma Manzonsa. Hiraƙla ya ga rabuwar nan na raunana mulki, sai shi da Sarjiyus suka ƙirƙiro wata magana ta tsakiya, daga baya a 638 aka rubuta ta doka aka manna a babbar majami'a, wai kowa ya bi. Aƙida ke nan da aka yanka aka ɗinka a fada kamar riga, don ta yi wa sarauta daidai. A 631 ya tura Kirus Masar, ya haɗa masa limanci da gwamna a hannu ɗaya. Limamin Kibɗawa, Binyaminu, ya gudu ya ɓuya fiye da shekara goma. Ɗan'uwansa Mina aka gana masa azaba da wuta aka jefa shi teku. Yahudawa kuma ya ba da umurni a yi musu wankan shiga Nasaranci dole.

Kada mu ma mu yi ƙari. Ba wannan kaɗai ya kayar da shi ba, don yaƙin shekara 26 da Farisa ya riga ya tsotse baitulmali, kuma Larabawa Nasara na Gassan a gefensa suka yi yaƙi. Amma bayan Yarmuk a 636 garuruwan Sham sun yi ta karɓar sulhu ɗaya bayan ɗaya, Ƙudus ta buɗe wa Umar (R.A.) ƙofa, Hiraƙla ya mutu a 641 Masar na fita daga hannunsa. Binyaminu kuwa bai fito daga maɓoya ba sai da Amru ɗan Asi ya ba shi aminci.

Kada kuma ka ce wannan ciwon sarakunan Nasara ne kawai. Mu komo Rumarmu ta gida. Sarkin Katsina Siddiƙu ɗan Ummarun Dallaje ne, ɗan mai tutar Shehu, ya hau a 1835. A zamaninsa garuruwan yankin Ruma suka yi bore da goyon bayan Katsinawan Maraɗi. Ya murƙushe boren, amma da hannu mai nauyin da ya sa garuruwa da yawa suka zama kufai, daji ya cinye su, ya zama mafakar mahara tsakanin Katsina da Zamfara. Masu kirari ba su cika tsayawa a nan ba, kamar yadda masu ƙissa ba su tsayawa a ƙofofin Himsa. A 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiƙu ya naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello. Siddiƙu kuwa da rawani ya bar kansa, sai ya yi arewa ya haɗa kai da mutanen Maraɗin nan da ya yi ta yaƙa.