Faci Ɗaya, Kanel Biyu: Abin da Furojet Ya Koya Min

Saura kwana huɗu mu kare furojet ɗinmu na ƙarshe, abokin aikina ya turo min facin da ya rubuta wa wani direba a cikin Linux, don ya riƙa nuna zafin na'ura a /proc. A laftof ɗinsa lafiya lau. A kwamfutar ɗakin gwaji kuwa, inda malamai za su duba mu, abin ya ce bai san zance ba. Na kwana ina zagin kwamfutar, ashe laifina ne.

Duka biyun Ubuntu 20.04 ne, shi ya sa na saki baki. Da na buga uname -r sai na ga tasa tana kan kanel 5.4, ta makaranta kuma 5.15. Kanel shi ne zuciyar Linux, mai shiga tsakanin manhajoji da kayan cikin kwamfuta, kuma cikinsa na canzawa daga fitowa zuwa fitowa.

Rikicin iri biyu ne, kar ku haɗa su.

Na farko, faci ya ƙi zama. Fayil ɗin faci yana ɗauke da layukan da ke kewaye da wurin gyara, da su yake gane mazauninsa. In an taɓa layukan a sabon kanel, sai ya zubar da abin da ya gagara a fayil mai ƙarewa da .rej. Ku fara gwadawa da patch -p1 --dry-run, ba ya taɓa komai. Sannan ku buɗe .rej ɗin, ku gane manufar gyaran, ku sa shi da hannu.

Na biyu ya fi wayo: faci ya zauna daram, amma harhaɗawa ta tsaya. Nan na sha wuya. Tun daga kanel 5.6, wanda ya fito a Maris 2020, proc_create ya daina karɓar file_operations, sai proc_ops, inda .read ya koma .proc_read. Facinmu da tsohon yayi aka ɗinka shi. Maganin shi ne sharaɗi:

#if LINUX_VERSION_CODE >= KERNEL_VERSION(5,6,0)

Sabon tsari a ƙarƙashinsa, tsohon bayan #else, a rufe da #endif.

Yanzu ga ɗabi'ata. Kowane kanel da reshensa a git, lambarsa kuma a jikin sunan facin. Ina fara gwaji a VirtualBox. Ba na goge tsohon kanel, don in sabon ya ƙi tashi in koma ta GRUB.

Mun kare furojet lafiya, alhamdulillahi, sai dai baccin dare biyu ya tafi. 'Yan aji ɗaya, kafin ku karɓi faci a hannun kowa, ku tambaye shi: na wane kanel ne?