Darasinmu Na Mako: Abin Da Kyamara Ta Bari A Waje

Yawancinmu muna kallon bidiyo a waya fiye da yadda muke buɗe littafi, amma ba a cika koya mana karanta hoto kamar yadda ake koya mana karanta rubutu ba. Duk hoton da ya bayyana a fuskar waya, wani ne ya zaɓe shi. Shi ya zaɓi wanda zai tsaya gaban kyamara, ya zaɓi inda zai kafa ta, ya kuma yanke abin da ba ya so a gani. Saboda haka mai nazari yakan tambaya: wa aka nuna, yaya aka nuna shi, wa kuma aka bari ya yi magana?

Mu fara da tallan neman taimako, kuma ba sai mun yi nisa ba. A shekarar 2005, bayan fari da farin ɗango sun ɓata amfanin gona na daminar 2004 a Jamhuriyar Nijar, gidajen talabijin na duniya, musamman BBC, suka cika da hotunan yaran Maraɗi a cibiyoyin ciyarwa na ƙungiyar likitoci ta MSF. Irin waɗannan hotuna suna da tsari sananne. Kyamara takan kalli yaro daga sama, sai ya ƙara ƙanƙancewa. Takan matso dab da idonsa da haƙarƙarinsa. Uwa tana zaune shiru, ba a faɗi sunanta ba, baƙo ne yake ba da labarinta da harshen da ba ta ji.

To, me aka bari a waje? Maraɗi babban garin fatauci ne, kuma a lokacin akwai hatsi a kasuwanni, tsada ce ta hana talaka saye. Yawancin ma'aikatan irin waɗannan cibiyoyi ma 'yan ƙasa ne, amma ba su ake haskawa ba. Wanda ya ga yaron kaɗai zai ɗauka ƙasar ce ba ta da ko ƙwayar gero, ba zai taɓa tambayar farashin tiya ba.

Sai dai mu yi adalci. Yunwar gaskiya ce, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi watanni tana roƙo ba a kula ba, sai da hotunan suka bazu kuɗi suka fara shigowa. Sun ceci rayuka. Amma kuɗin da aka biya shi ne mutuncin waɗanda aka ɗauka, domin a idon mai kallo a Turai sun zama masu miƙa hannu kawai. An daɗe ana wannan muhawara, tun waƙar tara kuɗi ta Band Aid da Bob Geldof ya jagoranta a 1984 saboda yunwar Habasha. A 2012 wata ƙungiyar ɗaliban Norway ta fitar da bidiyon ba'a mai suna Radi-Aid, inda 'yan Afirka suke tara na'urorin ɗumama ɗaki don ceto mutanen Norway daga sanyi. A 2020 kuma ƙungiyar agaji ta Comic Relief a Birtaniya ta ce ta daina tura taurari Afirka don ɗaukar irin waɗannan finafinai.

Kada mu ɗora wa Turawa laifin duka. Mu duba hotunan rabon abincin azumi da ake sakawa a Facebook da TikTok a nan gida: mai bayarwa yana tsaye cikin shadda, sunansa a jikin buhu, gwauruwa ko almajiri kuwa yana durƙushe. Shin an nemi izininsa kafin duniya ta ga fuskarsa? A ganinmu, da wuya.

Bidiyon waƙa kuwa juya kyamarar yake yi. Ana ɗaukar mawaƙi daga ƙasa don ya cika ido, ga mota mai sheƙi, ga gidan bene, ana sauya kaya a kowane baiti. Ba a ce da mu komai da baki ba, amma an nuna mana yadda wanda ya ci nasara yake. Sau nawa muka ga gonar gero irin ta Roni ko Gwiwa, ko duwatsun Kazaure, a matsayin wurin alfahari? Ƙauye yakan fito ne a wurin barkwanci, ko wurin da jarumi ya baro.

Ma'anar hoto kuma tana bin idon mai kallo. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda ta fito a bidiyon mawaƙi ClassiQ suna riƙe hannu da runguma. Abin da wani zai ɗauka wasan soyayya ne kawai, a nan an ɗauke shi keta al'ada. Ba kalmomin waƙar suka jawo hukuncin ba, hoton ne.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi bidiyon waƙa ɗaya ko tallan taimako ɗaya, ya kashe sauti, ya kalla sau biyu. A rubuta wanda ya fi daɗewa a hoto, daga ina kyamara take kallonsa, da wanda bai buɗe baki ba. A kawo wa sakataren ƙungiya kafin taronmu na gaba, za mu liƙa guda uku a wannan allo.