Darasin Mako: Abin Yi Idan Gaba Ya Faɗi

Jarrabawar ƙarshen zango ta matso, mu 'yan aji uku kuma ga BECE tana jiranmu. Shi ya sa darasinmu na wannan makon a kan fargaba ne, da wata hanya ta zama da ita wadda muka sa wa suna zaman lura.

Mu fara da jiki. Idan malami ya shigo da takardun tambayoyi gabanmu ya faɗi, ba wai mu matsorata ba ne. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke zuba sinadarin adirenalin cikin jini da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari. Nan take zuciya ta kama bugawa da sauri, tafin hannu ya jiƙe da gumi, baki ya bushe, ciki ya ƙulle. Jiki shirin gudu yake yi, kamar na wanda kare ya biyo. Sai dai bai san bambancin kare da takardar lissafi ba.

Yawancinmu idan haka ta faru sai mu hau kanmu da faɗa: “Kai, daina tsoro! Wane irin rago ne kai?” Wannan ba ya aiki. Ku gwada yanzu a gaban allon nan: kada ku tuna da jar akuya har minti ɗaya. Me ya zo muku a rai? A shekarar 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya yi irin wannan gwaji. Ya ce wa mutane kada su tuna da farin beyar, sai ga shi beyar ɗin ya ƙi barin tunaninsu. Haka tsoro yake, in an kore shi da ƙarfi sai ya dawo.

Zaman lura ya samo asali ne daga koyarwar mabiya Buda a ƙasashen Asiya. A 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Masachuset. Ya bar ɓangaren ibadar, ya ɗauki horon numfashi da lura, ya riƙa koyar da shi na mako 8 ga marasa lafiya masu fama da ciwon da ya ƙi jin magani. Bai yi musu alkawarin ciwon zai tafi ba. Abin da ya koya musu shi ne yadda za su zauna da shi ba tare da sun ƙara masa wutar damuwa ba.

Ga yadda ake yi. Mu zauna a benci, tafin ƙafa a ƙasa, baya a miƙe. Mu ja numfashi ta hanci muna ƙirga huɗu a zuci, mu sake shi a hankali muna ƙirga shida. Fitar da numfashi a hankali yana rage saurin bugun zuciya. Kafin mu yi sau uku, tunani zai gudu zuwa wani wuri, wataƙila wajen mai awara a bakin gate. Ba laifi ba ne. Mu lura ya gudu, mu dawo da shi, kamar yadda muke dawo da ƙaramin ƙaninmu idan ya rarrafa wajen murhu: ba mari, ba tsawa, ɗauko shi kawai ake yi. Ko sau ashirin ya gudu, sau ashirin za mu ɗauko shi. A ganinmu nan ne duk darasin yake, kuma nan ne ya fi wuya.

Bayan haka mu kira abin da sunansa a zuci: “Wannan tsoro ne.” Mu duba inda ya zauna, a ƙirji ne, a wuya ne, ko a ciki? Sannan mu faɗa wa kanmu abin da za mu faɗa wa ƙawarmu ko abokinmu in mun same shi yana rawar jiki. Ba wanda zai ce masa rago. Cewa za mu yi, “Sannu, abin da wuya, amma ka yi karatu.”

Jiran sakamako ya fi ranar jarrabawa cin rai, don babu sauran abin yi. A nan ne zuciya ke saƙa labari: na faɗi, za a maimaita mini aji, Baba zai ce kaza, 'yan unguwa za su ji. Mu raba takarda gida biyu, gefe ɗaya abin da muka sani tabbas, ɗaya gefen abin da muke zato. Sau da yawa gefen farko layi ɗaya ne kacal: sakamako bai fito ba.

Zaman lura ba ya maye gurbin bitar karatu, wanda bai buɗe littafi ba numfashi ba zai rubuta masa amsa ba. Minti uku ya isa, kafin a kaɗa ƙararrawar farko ko kafin a ce a buɗe takarda. Idan kuma fargaba ta kai ga hana barci ko cin abinci kwana da kwanaki, a gaya wa Mama ko Baba, ko malamin aji, domin a kai mutum ya ga likita.