Yadda Ake Gyara Hudar Da Ta Karkace A Jakin Jita

Duk wanda ya san goge ko garaya ya san jaki, wato ɗan iccen nan da ke ɗaga tsirkiya daga kan fata. Jita ma tana da nata jakin, amma akwai bambanci. Jakin goge ɗora shi kawai ake yi, tsirkiya ta danne shi. In ya goce, sai makaɗi ya tura shi da yatsa. Na jita kuwa manna shi ake yi da gam a fuskarta, kuma a jikinsa ake huda kafofi shida inda ake ɗaure tsirkiyoyi. In huda ɗaya ta karkace, yatsa ba ya gyara ta. A kan wannan gyara zan yi ɗan bayani, bisa ga abin da muke koyo a ɗakin aikin kafinta.

Jitar da nake nufi ita ce mai tsirkiyar nailan, wadda wani gwanin ƙasar Sifen, Antonio de Torres (1817 zuwa 1892), ya daidaita siffarta. Tsawon tsirkiyarta, daga ƙashin wuya zuwa ƙashin da ke bisa jaki, yawanci milimita 650 ne. Tsakanin kafa da kafa akwai milimita 11 zuwa 12, faɗin kowace kafa kuwa kamar milimita ɗaya da rabi ne. In an ɗaure tsirkiyoyin nan shida, ƙarfin da suke jan jaki da shi ya kusa nauyin kilo 40. Kun ga ashe ɗan katakon nan ba ƙaramin kaya yake ɗauke da shi ba.

To, mene ne aibin huda in ta karkace? In ta goce gefe, tazarar tsirkiyoyi ba za ta zo daidai ba, yatsan makaɗi ya riƙa kuskure. In ta yi sama da yawa, tsirkiya ba za ta danne ƙashi sosai ba, sai sauti ya fita a raunane, wani lokaci har da ƙaraurawa. In kuwa kafa biyu suka matsi juna, katakon da ke tsakaninsu yana iya tsagewa.

Mai gaggawa yakan ce a faɗaɗa kafar, ko a cusa garin katako da gam a sake hudawa. Duka biyu ba su da amfani. Faɗaɗawa tana rage ƙarfin jaki. Garin katako kuma bai kai katako tauri ba, bakin mahuji kuwa wuri mai laushi yake bi, sai ya koma tsohuwar hanyarsa. Gyaran gaskiya shi ne a toshe kafar da katako, sannan a huda sabuwa. Ga yadda ake yi.

Da farko a fiƙe ɗan tsinke daga irin katakon da aka yi jakin da shi. In maɗobiya ce, a yi da maɗobiya. In kanya ce, a yi da kanya. Ya shiga kafar cif, ba sai an doka shi da guduma ba, don dukan yana iya tsaga jakin.

Na biyu, a shafa masa gam ɗin kafinta, a tura shi har ƙarshe, a goge gam ɗin da ya fito da ɗanyen tsumma. A bar shi ya yini ya kwana.

Na uku, a yanke abin da ya yi saura da wuƙa mai kaifi, a goge wurin ya yi sumul.

Na huɗu, a sake awo. Kada a auna daga wannan kafa zuwa waccan, domin ƙananan kurakurai sukan taru su zama babba. A ja layi a tsakiyar jaki, a auna kowace kafa daga nan, a yi mata alama da tsinin basilla.

Na biyar, a sami guntun katako mai tauri, a huda shi a miƙe, a matse shi a jikin jaki ya zama jagora. Ta cikinsa mahuji zai bi. A riƙa hudawa sannu sannu, ana zaro mahujin ana kakkaɓe gari.

Amma fa ba kowane jaki ne ya cancanci gyara ba. In kafa uku ko huɗu ne suka lalace, kuma ba a riga an manna shi ba, sassaƙa wani ya fi. Wannan ne dalilin da ya sa ake huda kafofi tun jaki yana kan teburi. Fuskar jita ba ta kai kaurin milimita 3 ba, ɓamɓare jaki daga kanta yana iya yage ta, aikin zango guda ya tashi a banza.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kowa ya gwada hannunsa a kan guntun katako kafin ya taɓa jaki. Iyayenmu ne ke sayen katakon nan da guminsu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.