Cutar Kawasaki: Abin da Gwajin Zuciya Ke Nuna wa Likita Kafin a Fara Magani

Uwargida, ba kowane zazzaɓin yaro ne na cizon sauro ba. Akwai cutar da ke kumbura jijiyoyin jinin yara, musamman 'yan ƙasa da shekara 5. Ana kiran ta cutar Kawasaki, da sunan likitan ƙasar Jafan, Dakta Tomisaku Kawasaki, wanda ya bayyana ta a 1967. Ba a ɗaukar ta daga wani yaro.

Alamominta
Zazzaɓi mai zafi na kwana 5 ko fiye, jan ido ba tare da kwantsa ba, tsagewar leɓe da jan harshe, ƙuraje a jiki, kumburin hannu da ƙafa, da kaluluwa a wuya. A wasu jarirai tabon allurar BCG kan yi ja. Tana kama da ƙyanda, don haka likita ne zai bambance su.

Haɗarinta
Cutar kan taɓa jijiyoyin da ke ciyar da zuciya da jini, su buɗe su yi rauni. Idan ba a yi magani ba, hakan kan sami kusan yaro 1 cikin 4. Babban maganinta shi ne IVIG, wato sinadarin garkuwar jiki da ake sa wa yaro ta jijiya kamar ƙarin ruwa, tare da asfirin. Idan aka ba shi cikin kwana 10 na farko, haɗarin kan ragu zuwa kusan kashi 5 cikin 100. Amma yara 10 zuwa 20 cikin 100 ba sa jin maganin a karon farko, kuma su ne suka fi shiga haɗari.

Amfanin gwajin zuciya
Likita na son ya gane irin waɗannan yara tun da wuri. Gwaji na farko shi ne hoton zuciya, wanda ake kira eko. Irin na'urar da ake duba cikinki da ita ce a wajen awo, ba zafi, ba allura. Da ita ake auna faɗin jijiyoyin a gwada da girman jikin yaro. Idan sun riga sun buɗe, likita kan ƙara wani maganin kumburi a kan IVIG tun ranar farko. Na biyu gwajin jini ne mai suna NT-proBNP, mai nuna ko zuciya na wahala. Yawansa kan zama alamar cewa maganin farko ba lalle ya wadatar ba. Likita kan haɗa sakamakon da shekarun yaro da sauran gwaje-gwajen jini kafin ya yanke shawara.

Abin da za ki kiyaye
1. Zazzaɓi ya kai kwana 5, ko an sha maganin cizon sauro, ki kawo yaro asibiti.
2. Idan zazzaɓin ya dawo bayan an sallame ku, ku komo a ranar.
3. Hoton farko zai iya fita lafiya, matsala ta bayyana daga baya. Ana sake shi bayan mako 1 zuwa 2, sannan bayan mako 4 zuwa 6. Maigida, a tanadi kuɗin mota da na gwaji.
4. Kada ki fara ba yaro asfirin ko ki tsayar da shi sai da umarnin likita.
5. Ki sanar da ma'aikatan rigakafi cewa an ba shi IVIG, domin akan jinkirta allurar ƙyanda har wata 11.

Yawancin yaran da aka kawo da wuri suna warkewa sarai. Allah Ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.