KEKE MAI BATIR: IYAKAR GUDU DA ALHAKIN MAHAYI

Jama'a, wani sabon abin hawa ya fara shigowa garuruwanmu, watau keke mai batir. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa suka koma neman abin hawan da ba ya shan mai. Keken nan yana da amfani ƙwarai. Ya kan kai manomi gona, ya kai mara lafiya asibiti, ba hayaƙi, ba kuɗin mai. Amma kowane magidanci ya kamata ya san haɗarinsa tun kafin ya saya, gama rigakafi ya fi magani.

Bambancinsa da keken da muka sani

Mai tuƙa keke da ƙafa ya kan yi kilomita 12 zuwa 15 cikin awa ɗaya, in ya gaji kuwa ya sassauta. Keke mai batir ba ya gajiya. Yana da ɗan inji a cikin ƙafarsa ko wajen feda, ya fi keken ƙafa nauyi, ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Abu na biyu, ba shi da ƙara. Babur tun daga nesa a ke jinsa a kauce. Wannan kuwa sai dai mutum ya gan shi a kansa. Yara masu wasa a ƙofar gida, da tsofaffi, da makafi, da awaki, su ne su ka fi shiga haɗarinsa.

Iyakar da wasu ƙasashe su ka sa

Ƙasashen da su ka riga mu sanin keken nan sun yi masa doka. A ƙasashen Tarayyar Turai, ba a kiransa keke sai in ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma injin ya daina turawa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. A Ingila ma haka ne, sa'an nan yaron da bai kai shekara 14 ba ba shi da izinin hawansa a kan hanya. A ƙasar Sin, inda a ke ƙera mafi yawan kekunan nan, tun 2019 iyakar ita ce kilomita 25. A Jamus, wanda ke kai kilomita 45 ba a lissafta shi cikin kekuna. Sai da lasisi, da inshora, da hular kwano.

Ku lura, ƙasashe masu nisa da juna sun taru a kan lamba ɗaya, watau 25. Ga dalili.

Abin da gudu ke yi wa jiki

Mai gudun kilomita 25 a awa yana cin mita 7 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya ga yaro, hannu ya kama burki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. A ce kuma burki ya ɗauki wata mita 7 kafin keken ya tsaya, an sami mita 14 ke nan. To, in gudun ya zama kilomita 50, mita 14 za ta wuce kafin a kama burki, shi kuwa burkin sai ya ɗauki mita 28, domin in gudu ya ninka biyu, jan burki ya kan ninka huɗu. Jimla mita 42. A kan yashi ko tsakuwa ko laka abin ya fi haka.

Faɗuwar ma haka ta ke. Wanda ya yi karo yana gudun 25, kamar ya faɗo daga kan soro mai tsawon mita 2 da rabi ne. Wanda ya yi karo yana gudun 50, kamar ya faɗo daga kan itacen da ya kai mita 10 ne. Kowa ya san abin da ke samun wanda ya faɗo daga ƙwanƙolin rimi.

Saboda haka kada ku yarda wani makaniki ya cire muku abin da ke tsare gudun keken. Burkinsa da tayarsa ba a yi su don wannan gudu ba.

Dokar ƙasarmu

Wanda ba shi da feda, yana gudu kamar babur, to babur ne, ko da batir ya ke sha. Dokar babur ita ke kansa: lamba, da lasisi, da inshora, da hular kwano. Ba a ba da lasisi sai ga wanda ya cika shekara 18. Iyakar gudun babur kilomita 50 ce a awa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ita ke lura da wannan, kuma tun ranar 1 ga Janairu 2009 ta tilasta sa hular kwano ga mahayi da wanda ya goya. Ƙoƙo ko hular yadi ba ta maye gurbinta. A ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba ta kan fice kafin kai ya taɓa ƙasa.

Wa ke da alhaki?

Mai riƙe da kan keke shi ke da alhakin abin da keken ya taka. Wannan ba sabon hukunci ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa mahayin dabba shi ke lamunce ɓarnar da ta yi da ƙafarta yana bisanta. Wanda ya buge mutum saboda ganganci, alƙali na iya sa shi biyan kuɗin magani da diyya, har ma da hukuncin ɗauri in an rasa rai. Cewa "ban gan shi ba" ba ta wanke mai gudu cikin gari.

Uba kuma ya sani, in ya miƙa wa ƙaramin yaro mabuɗi, shi za a nema ranar da abin ya auku. Gona ko sa da aka yi shekaru ana tattali, rana ɗaya a kan sayar da su wajen biyan ɓarna.

In haɗari ya auku

Kada mahayi ya gudu. Ya tsaya, ya nemi taimako. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122. A danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu a rauni. Kada a ja wanda ke kukan wuya ko baya. A ɗauke shi a miƙe bisa katako ko ƙyaure. Kada a ɗura wa sumamme ruwa. Wanda ya bugu a ka, in yana amai, ko barci mai nauyi, ko jini ko ruwa na fita daga kunne ko hanci, ko yana farfaɗiya, a kai shi asibiti nan da nan, ko da ya tashi ya yi tafiya da ƙafarsa. Karayar da ƙashi ya huda fata ta likita ce, ba ta mai ɗori ba. A kuma nemi allurar ciwon sarƙe haƙora. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin duba wanda aka kawo cikin gaggawa.

Batir da gobara

Batirin keken nan na iya kamawa da wuta in ya fashe, ko ya kumbura, ko aka yi masa caji da abin da ba nasa ba. A watan Fabrairu na 2024, wuta ta tashi daga inda a ke ajiye irin kekunan nan a wani bene a birnin Nanjin na ƙasar Sin, mutum 15 su ka rasu. Kada a yi caji a ɗakin kwana, ko bakin ƙofa, ko kusa da rumbu da dangar kara. Kada a bar shi kan caji a kwanta barci.

Ka'idodi shida na tunawa

1. Cikin gari, da kasuwa, da bakin makaranta, a tafi a hankali kamar mai keken ƙafa.
2. A buga ƙararrawa kafin kowace kwana da kowane lungu.
3. A duba burki da taya kowace safiya.
4. A kunna fitila gaba da baya tun da magariba.
5. Kada a yi goyon biyu ko uku, kada a ɗora jariri a gaba.
6. A sa hular kwano ko da tafiyar ta kusa ce.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa wannan takarda. Dagatai da masu unguwa su yi wa samari bayaninta a dandali. Mai sauran tambaya ya je wurin malamin lafiya na ɗakin shan maganin garinsu. Allah ya kiyaye mu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.