Buroshin aski mai gashin alade: in riƙe ko in jefar?

Kawu, 

Ni magidanci ne mai shekara 34, ina aikin tsaro a wani otal a Abuja, ina zaune a Mararaba. Dokar wurin aikinmu ita ce haɓa ta kasance fes kullum, don haka ba na yin kwana biyu ban sa reza ba. Sakamakon da na samu shi ne ƙurajen aski, sun cika min wuya da ƙarƙashin haɓa, wasu har sun yi baƙi. Kumfar gwangwani da nake saya ta yi tsada, ga raɗaɗi. Wani abokin aikina da ya yi zaman Turkiyya ya ce in koma sabulun aski da buroshi, yadda masu askin can suke yi. Ya ba ni sandar sabulu ɗaya kyauta, ni kuma na shiga kasuwa na sayo buroshi. Mai shagon ya ce in ɗauki mai taurin, shi ne na ainihi, shi ke fitar da kumfa.

Tun ranar farko yake wani irin ƙarni in ya jiƙe. Yana sukar fuska, gashinsa na zubewa cikin kumfa, kumfar ma kafin in ɗauki reza ta bushe. Ana cikin haka maiɗakina ta ɗauki kwalin, ta duba rubutun da ke jiki a waya, ta ce ai gashin alade ne. Tun ranar ta ƙulle shi a leda ta rataye a tsakar gida, ta ce ba zai sake shiga banɗakinta ba. Har tambayata take yi matsayin sallolin da na yi bayan na goga shi a fuska.

Kawu, cutata aka yi ne, ko dama haka irinsa yake? Ya halatta in yi amfani da shi? In zan sake saye, wanne zan zaɓa, kuma zai raba ni da ƙurajen nan?

Naka, mai karatu daga Mararaba

Ɗana,

Ka fara da yi wa maiɗakinka godiya, don gaskiya ta faɗa. In ka ga an rubuta "boar" ko "pure bristle" a jikin buroshi, gashin alade ne. Na Italiya sukan rubuta "setola", na Jamus "Borste". Sunan na nuna kamar aladen daji ake nufi, amma galibi na aladen kiwo ne, kuma mafi yawansa daga ƙasar Sin yake fitowa, inda ake tafasa shi, a wanke, a jera shi tsawo-tsawo, a sayar wa masana'antun Turai. Ba a wannan buroshin kaɗai yake ba. Da yawa daga cikin buroshin kwantar da suma da samari ke yawo da shi a aljihu, da wasu buroshin fenti masu kyau, da shi ake yin su. Buroshin haƙori ma da shi ake yi har 1938, lokacin da kamfanin DuPont na Amurka ya fito da zaren nailan.

Maganar halacci ita ta fi damun gidanka, don haka bari in daɗe a kanta. Fatawa ta malamai ce, amma abin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu ba ɓoyayye ba ne. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, ba a ɗaukar gashi a matsayin abin da rai ke gudana cikinsa. Shi ya sa Muktasar na Shehu Halilu ya lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki, har da na alade, da sharaɗin a ce yanke shi aka yi, ba tuge shi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ma, bayan ta haramta komai na alade, ta ambaci rangwame a kan amfani da gashinsa. Shafi'iyya kuwa sun tsananta: a wurinsu najasa ce mai nauyi, in ta taɓa jiki da danshi sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Hanafiyya ma najasa suka ɗauke shi, sai dai magabatansu sun yi wa dukawa uzuri wajen ɗinki saboda lalura. To ka ga maiɗakinka ba ta yi shirme ba, kai ma ba ka faɗa cikin abin da aka haɗu a kan haramcinsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin nan na yankewa. Gashin da ake yin buroshi da shi galibi bayan an kashe dabbar ake kwashe shi, kuma kwali ba ya faɗa maka da saiwarsa aka ciro ko babu. A Malikiyya saiwar da aka tugo daga mushe ita ce najasa, kuma ɓangaren saiwar shi ake dasawa cikin gam a mariƙin buroshi. Wannan bayanin za ka kai wa malaminka, don ya san abin da yake ba da amsa a kai. Game da sallolinka kuwa, ka yi su ne ba tare da sani ba, ka wanke fuska bayan aski, ka kuma yi alwala. Ka kwantar da hankalinka, ka kwantar mata da nata.

Yanzu ga shi kansa buroshin. Daga cikin ƙorafinka huɗu, uku halinsa ne in yana sabo, ɗaya ne kawai ke nuna an sayar maka da maras kyau.

Ƙarnin yakan tafi in ka wanke shi da sabulun wanke kai, ka haɗa kumfa da shi a tafin hannu wasu 'yan lokuta, kana barinsa ya bushe sarai tsakani. Sukar kuma tana da dalili. Kowane silin gashin alade yana da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama, kuma in ana jiƙa shi ana busarwa sai bakinsa ya tsage gida biyu ko uku. Wannan tsagewar ita ce sirrinsa: baki ya yi laushi, gindi ya ci gaba da tsayuwa da ƙarfi. Yakan ɗauki makonni kafin ya kai haka, kamar sabon takalmin fata da sai ya ci ƙafa kafin ya saba da ita. Bushewar kumfa ma daga nan take. Gashin alade shan ruwa yake yi a cikin jikinsa, in ba ka jiƙa shi ba sai ya tsotse ruwan kumfarka. Ka tsoma gashin kaɗai cikin ruwa mai ɗumi na minti 3 zuwa 5 kafin ka fara. Ban ce tafasasshe ba, don shi ke lalata gam ɗin.

Zubewar gashi ce ba ta yi min daɗi ba. Sili biyu ko uku a makon farko ba komai ba ne. Amma in kullum sai ka tsinci gashi a kumfa, ɗaurin ne bai yi ba, kuma ba ya gyaruwa. Akwai wani aibin da ya fi wannan muni a buroshin da ba su da sunan kamfani: a ɗaure gashin ko ta yaya, sannan a sa almakashi a daidaita samansa ya yi kyan gani. Silin da aka datse wa baki ba zai taɓa tsagewa yadda ya kamata ba, haka zai yi ta sukar mutum har ya tsufa. Ka ɗaga naka a hasken rana ka duba. In bakin kowane sili tsinini ne siriri, wasu ma sun fara rabewa, mai kyau ne. In kuwa duk a guntule suke, kai ɗaya, to ka yi asarar kuɗinka.

Ga wanda zuciyarsa ta natsu da rangwamen Malikiyya, ko mai karatunmu da ba Musulmi ba, wannan buroshi kayan aiki ne na gaske, kuma babu mai arharsa a cikin na gashin dabba. Taurinsa ke sa ya kankaro sabulu mai ƙarfi cikin sauri. Sunaye biyu suka fi shahara. Omega na Bolonya a Italiya, wanda ke wannan sana'a tun 1931, yana da babban buroshi mai lamba 10049 da masu askin can suka daɗe suna amfani da irinsa. Semogue na Fotugal ya fara a 1955, nasa sun fi ƙanƙanta da kyan mariƙi, irin su 1305 mai mariƙin katako da 830 mai mariƙin roba mai garai-garai. Wajen zaɓe, awo biyu ake dubawa. Na farko faɗin ɗaurin gashin daga gindi: milimita 22 zuwa 24 ya ishi fuska ɗaya, 27 zuwa 28 kuwa sai mai aske kai gaba ɗaya, ga cin sabulu. Na biyu tsawon gashin: wajen milimita 50 yana da tauri, ya dace da mai haɗa kumfa a fuska, mai kai 60 ko fiye ya fi lanƙwasa, ya fi daɗin aiki a kwano. Baƙin zoben da za ka gani a tsakiyar gashin wasu rini ne kawai, an yi shi don ya yi kama da mai tsada, kada a ƙara maka kuɗi a kansa. Ni dai a yanayinmu mariƙin roba nake zaɓa, don na katako in ya sha ruwa ya sha hunturu, fentinsa ɓarewa yake yi.

Amma kai, ɗana, ba shi nake ba ka shawara ba, ko da malaminka ya ce babu laifi. Abin da za a riƙa ƙulle shi a leda ana ratayewa a tsakar gida ba zai taɓa bushewa da kyau ba, balle ya yi laushi, da damina ma funfuna zai yi. Ga kuma fatar wuyanka da take a ƙurje. Makonnin nan da sabon gashin alade ke buƙata kafin ya saki, kai a kan ƙuraje za ka yi su. Ka nemi na zaren roba na zamani, wanda ake rubuta wa "synthetic". Na da can ba su da kyau, shi ya sa tsofaffin masu aski suka raina su, amma na yanzu wani abu ne daban: laushi tun ranar farko, babu jiƙawa, babu ƙarni, sabulu kaɗan ya ishe su, kuma nan da nan suke bushewa. Mühle na Jamus yana yin masu kyau, Omega ma yana da jerin da ya kira S-Brush, mai siffar na aladen amma zaren roba ne. In kuma ranka na son gashin dabba, akwai na doki, wanda Vie-Long na Balensiya a Sifen ya yi suna da shi. Daga geza da wutsiya ake yanko gashin. Sai dai a bi shi a hankali, in ana murza shi da ƙarfi tsakiyarsa cukurkuɗewa take yi. Mafi tsada shi ne na wata dabba dangin dage, laushi kam ba a magana, amma ba abin da zai yi maka wanda na roba bai yi ba.

In mai shago ya rantse maka cewa na roba ne kuma babu rubutu, ka zare sili ɗaya ka kusanta shi da ashana. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule, na dabba kuwa ƙauri yake yi ya zama toka.

Sandar sabulun da abokinka ya ba ka, ka jiƙa fuska da ruwan ɗumi, ka goga ta kai tsaye a kan gashin, sannan ka bi da buroshi mai danshi kana zagayawa. Ka riƙa ɗiga ruwa a bakin buroshin kaɗan-kaɗan har kumfar ta yi sheƙi ta daina nuna manyan ƙwayaye. Mafi yawan masu cewa sabulu bai yi ba, ruwa ne suka hana shi. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai zartsi ne, kumfa ba za ta tashi da kyau ba, ka gwada da ledar fiya-wata ɗaya ka ga bambanci. Sabulun wanka da sabulun salo suna kumfa, amma tasu ba ta jimawa a fuska, ba ta kuma da santsin da reza ke so.

Saura ƙurajen. Buroshi na taimakawa, yana ɗaga gashi yana tausasa shi, amma ba shi ne maganinsu ba. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka aske shi ƙasa-ƙasa da fata, bakinsa ya yi kaifi, sai ya lanƙwaso ya soki fatar ko ya ci gaba da girma a cikinta, jiki kuma ya ɗauke shi baƙo ya kumbura. Rezar nan mai baki uku ko biyar ita ce babbar mai laifi, don an yi ta ne ta ja gashi ta yanke shi can ƙasa. Ka koma mai baki ɗaya, ka canza ta da zarar ta fara ja. Ka bi gashi ta inda ya kwanta, musamman a wuya inda yakan juya ta gefe. Kada ka ja fatar da yatsa don ta miƙe, kada ka dawo wuri ɗaya sau uku kana neman sumul. Bayan ka gama, ruwan sanyi da ɗan man kaɗanya sun fi sifirit ɗin da masu aski ke watsa wa mutum.

Abin da ya fi duka aiki shi ne hutu: mako 3 zuwa 4 ba reza, gashin da ya nutse ya fito da kansa. Na san dokar aikinku ba ta ba da wannan dama haka kawai. Ka je asibiti wurin likitan fata ya duba waɗanda suka yi baƙin nan, ka roƙe shi takarda, ka kai wa shugabanka don a bar ka ka riƙa rage gashin da kilifa, tana barin kamar milimita 1. Daga nesa haɓa fes za a gani. In wasu ƙurajen sun fara tauri suna tasowa, ko suna fitar da mugunya, kada ka jira ƙarshen wata kafin ka je.

Kawu